Sabon Hatsi: Rabon Wa Ake Fara Fitarwa?

 

Ya 'yan'uwa masu karatu, ga shi kaka ta kama. Yara sun ci tumu sun ƙoshi, gero ya shiga rumbu, dawa tana jiran lokacinta, manyan motoci kuwa sun fara jerin gwano zuwa kasuwar Dawanau. A irin wannan lokaci ne 'yan Adam, tun zamanin da ba a san rubutu ba, suke ji a ransu cewa bai kamata a kai sabon hatsi baki ba sai an fara fitar da rabon wani. Musulmi yana jin haka, Bamaguje yana jin haka, Bature ma, da dukan injunansa na noma, bai rabu da jin haka ba. Inda aka rarrabu shi ne wajen amsa tambaya guda: rabon wa?

Abin da ya jawo wannan magana a filinmu na yau shi ne wani labari da 'yan'uwanmu masu zuwa karatu ko fatauci Ingila da Amurka suke kawowa, wanda kuma 'ya'yanmu suke gani a wayoyinsu. A can akwai jama'ar da suka ce sun koma addinin kakanninsu na kafin zuwan Kiristanci. Mafi shahara a cikinsu su ne mabiya tafarkin da ake kira Wika, wanda wani tsohon ma'aikacin gwamnatin mulkin mallaka mai suna Gerald Gardner ya fito da shi fili a cikin littafinsa na 1954, shekara uku bayan Ingila ta soke tsohuwar dokarta ta hana maita a 1951. A ƙidayar jama'a ta 2021 a Ingila da Wales, mutum wajen 74,000 ne suka rubuta da hannunsu cewa su masu wannan addinin gargajiya ne, wasu 13,000 kuma suka ce su 'yan Wika ne. Ba su da yawa idan an kwatanta da jama'ar ƙasar, amma masu ilmi ne, suna rubuta littattafai, suna kuma da baki a intanet.

Suna da bikin kaka da suke yi ranar 1 ga Agusta, lokacin da alkamar ƙasarsu take nuna. Sunan bikin Lamas, asalinsa kuwa daga tsohon Turanci ne, ma'anarsa addu'ar burodi, domin a da Kiristocin Ingila sukan toya burodi da sabuwar alkama su kai coci a wannan rana. Waɗannan mutane suka ɗauki ranar suka mayar da ita ta bautar ƙasa da allolin shuka. Mace takan kwaɓa ƙullu tana ƙudurta bukatarta a zuci, ta juya tukunya ta fuskar da suka ce tana jawo alheri, ta barbaɗa kirfa domin neman arziki, ta gasa burodin a kan siffar damin alkama ko siffar mutum, sa'an nan a gutsuri wani yanki a ajiye a gindin itace ko a binne a lambu. Wannan shi ne abin da su da kansu suke kira tsafin madafa, ba kuwa sa jin kunyar sunan. Wasu daga cikinsu sun haɗa wannan da wata aƙida dabam, watau ƙaurace wa duk abin da ya fito daga jikin dabba: ba nama, ba nono, ba man shanu, ba ƙwai, har zuma ma ba sa sha. Ƙungiyar masu wannan ra'ayi an kafa ta a Ingila a 1944, jagoranta kuwa Donald Watson. A yi adalci dai, yawancin masu ƙin nama ba matsafa ba ne, dalilinsu tausayin dabbobi ne ko neman lafiya. Amma waɗanda suka haɗa biyun suna da wata hujja da suke alfahari da ita, cewa tsafinsu mai tsabta ne, ba a zubar da jinin ko da ɗan tsako ba. Har na ji wani ɗan boko namu yana cewa, to mene ne abin tayar da hankali, ai burodi ne kawai.

Wannan kalma ta "burodi ne kawai" ita ce nake so mu tsaya a kanta, domin mu mutanen cikin ganuwa mun riga Turawa sanin amsarta da ɗaruruwan shekaru.

Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya fara ne da labarin Barbushe, daga zuriyar Dala, wanda yake shi kaɗai ne ke shiga ɗakin Tsumburbura. Mutane sukan taru a gindin dutsen Dala daga ko'ina, wani da baƙin kare, wani da baƙar kaza, wani da baƙin bunsuru, Barbushe ya shiga ya fito ya gaya musu abin da shekara za ta zo da shi. Manoma da maƙera da mafarauta ne, abin da suke tsoro shi ne fari da yunwa da yaƙi. Sarki Tsamiya (1307 zuwa 1343) ya fasa wurin tsafin. A zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385) Wangarawa suka zo daga Mali da Musulunci, aka gina masallaci, aka tsayar da salla. Duk da haka sai da aka kai zamanin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), sa'ad da Shaihu Magili ya sauka Kano, kafin a sare itaciyar tsafi a gina hasumiya a gurbinta. Ku duba fa, fiye da shekara ɗari ana salla a gari, itaciyar tana tsaye. Abin da ya fi wannan ban mamaki shi ne labarin Dirki, wani ƙunshi da aka naɗe da fatu ana yi masa yankan shanu a fada. Sa'ad da manyan gari suka nemi Sarki Alwali (1781 zuwa 1807) ya ba da shanu arba'in domin Dirki, ya ƙi, ya sa samari suka sassare shi da gatura. Me aka tarar a ciki? Alƙur'ani. Littafin da ya sauka domin ya hana yanka ga wanin Allah, shi aka naɗe aka mayar abin yi wa yanka.

Ke nan tsafi a ƙasar nan bai taɓa jin nauyin sa rigar Musulunci ba. Kuma bai dogara ga jini kaɗai ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya yi masa rahama, da yake lissafa ayyukan masu garwaya Musulunci da kafirci a cikin littafinsa Nurul Albabi, ya ambaci masu girmama wasu itatuwa da duwatsu ta hanyar yanka a wurinsu, ya kuma haɗa su a layi ɗaya da masu zuba musu ƙullu. Ƙullu fa, watau garin hatsi da ruwa, abin da babu rai a cikinsa balle jini. Shehu bai ce wannan ƙaramin laifi ne domin ba a kayar da dabba ba. Haka kuma aya ta 136 a cikin Suratul An'ami ta ba da labarin Larabawan Jahiliyya waɗanda suke kasa amfanin gonarsu da dabbobinsu kashi biyu, su ce wannan na Allah ne, wannan kuwa na gumakansu, Allah kuma Ya yi tir da wannan hukunci nasu. Amfanin gona aka fara ambata kafin dabbobi. Wanda ya karanta ayar da natsuwa zai ga kamar da kakarmu ta ƙasar Hausa ake magana.

Maguzawa, waɗanda har yanzu akwai sauransu a kudanci da yammacin ƙasar Kano da wajajen Malumfashi, ko da yake da yawansu sun musulunta wasu kuma sun shiga Kiristanci, su ne suka riƙe tsohon tsarin a fili. Wani Ba'amurke mai suna Joseph Greenberg ya zauna a cikinsu a ƙasar Kano a 1938 da 1939, ya fitar da littafi a kansu a 1946. Abin da ya rubuta bai saɓa wa abin da tsofaffinmu suka sani ba. Bamaguje bai musanta cewa akwai Allah ba, sai dai yana ganin Allah Ya yi nisa, iskoki ne na kusa, su ne ake lallashi. Kowane gida yana da kan-gidansa da ya gada, akwai Kure, akwai Gajimare, akwai Inna wadda ake yi wa kirari da Uwar Gona, wadda suka ce tana kama ɓarawon hatsi. Ana yi musu yanka, kowane iska da launin dabbar da yake so, ana kuma ba su rabonsu na abin da aka daka ko aka dama. Ba na faɗin wannan domin a raina Maguzawa. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa cinikin hatsi da su ya san mutane ne masu ƙwazon noma da riƙon alkawari, sarakunan Musulunci na da kuwa sun karɓi jiziyarsu sun bar su a gonakinsu cikin amana. Bamaguje yana yin abin da ya gaskata, bai kuma ɓoye ba. Damuwata tana ga wanda ya yi kalmar shahada, yake sahun gaba a masallacin unguwa, amma rabon Inna yana fita daga gidansa da wani suna.

Ga yadda abin yake faruwa. Kasuwa ta tsaya wa mutum, ko an hana shi ƙarin girma a ofis, ko ciwo ya ƙi jin magani. Sai a raɗa masa cewa akwai wani mai duba a ƙauye kaza. Ya je, a buga ƙasa, a ce masa aikinsa ba mai wuya ba ne, ba sai an yi yanka ba: a daka gumba da sabon gero, a kai mararraba da almuru a ajiye kada a waiwaya. Ko a toya waina adadi kaza a kai gindin tsamiya. Ko a zuba gari a bakin tsohuwar rijiya ko a kan suri. Mutumin ya dawo gida da murna, yana cewa a ransa, alhamdu lillahi, sadaka ce kawai aka ce in yi. To, sadaka ga wa? Wane miskini ne yake zaune a cikin suri? Da za a ce masa ya yanka baƙin bunsuru a wurin, da ya zabura ya yi a'uziyya, amma da yake gumba ce fara sol, sai ya ɗauka ya kai. Hujjar Baturiya mai burodi ke nan, ba ragi ba ƙari.

Gumba kuwa ba ta da laifin kome. Gero ne da Allah Ya fitar, aka jiƙa aka daka a turmi aka sa zuma ko sukari. Uwargida ta daka ta ta raba wa almajirai da yaran maƙwabta domin godiya ga Allah a kan kakar bana, wannan sadaka ce mai lada, ba mai hana ta. Zancen keɓe ranar uku da bakwai da arba'in domin sadakar mamaci wata magana ce dabam, malamanmu sun daɗe suna ja-in-ja a kanta, ba ita ce a gabanmu yau ba. Abin lura a nan shi ne, idan aka ce lalle sai a wuri kaza, da lokaci kaza, da launi kaza, kuma wanda ya gindaya sharuɗɗan mai da'awar sanin gaibu ne, kuma ba cikin ɗan Adam abincin zai shiga ba, to an bar babin sadaka.

Amma zancen ƙin cin nama, wannan mai sauƙi ne. Abin da Turawa suke rubuta wa littattafai, talakan Kano ya daɗe yana yinsa ba da niyya ba. Gurasar Jakara da aka gasa a tanderu aka yi bandashe da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, da ɗanwake, da ƙosai, da kunun tsamiya, da tuwon dawa miyar kuka wadda daddawa ce kaɗai namanta, duka babu abin dabba a ciki. Wanda ya bar nama domin likita ya hana shi, ko domin aljihu ya hana shi, ko domin ransa ba ya so, babu kome a kansa. Imamu Malik ma ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya gargaɗi mutane game da sabo da nama, domin yana da jaraba irin ta giya. Amma wanda ya haramta wa kansa shi da sunan ibada, ko ya ce yankan layya zalunci ne, ya shiga wani hali, gama ya zo a cikin Sahihu Muslim cewa wasu sahabbai sun ƙudurta wa kansu tsanani, ɗayansu ya ce ya bar cin nama, Manzon Allah, mai tsira da aminci, bai yarda musu ba.

'Yan kasuwa sukan yi tambaya, shin ya halatta a sayi hatsin Bamaguje alhali an san ya fitar wa kan-gidansa rabo daga ciki? Ya halatta, babu shakka. Abin da ya saura a rumbunsa dukiyarsa ce, tsafinsa bai ƙazantar da gero ba. Abin da bai halatta ba shi ne yankansa, da giyarsa, da abin da aka ajiye a wurin tsafi, da kuma tsayawa a taya shi hidimar. An ruwaito cewa wata mata ta tambayi Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, game da kyautar da Majusawa suke aiko musu ranar idinsu, ta ce kada su ci abin da aka yanka domin wannan rana, amma su ci 'ya'yan itatuwansu. Saboda haka idan maƙwabcinka na ƙauye ya aiko maka da damin gero ko kabewa bayan girbi, ka karɓa ka yi godiya, ka kuma rama masa da abin da ya fi. Haka nan kalankuwa da samarin karkara suke yi da kaka, su naɗa gwamnansu da alƙalinsu na wasa, a yi kokawa da dambe, wannan wasa ne, ana auna shi da ma'aunin wasa. Ba daidai ba ne a riƙa jifan kowace al'ada da kalmar shirka.

Akwai wani tsafin madafa da ya fi na Turawa muni, shi ne wanda ake yi wa mutum ba da saninsa ba. Baturiya dai ita ta toya ita ta ci. A wurinmu kuwa akwai barbaɗe, akwai mallaka, akwai farraƙu. Mace ta sayar da ɗan kunnenta ta kai wa boka, ya ba ta ƙullin garin da ita kanta ba ta san abin da ke ciki ba, ta zuba a miyar maigida ranar girkinta, 'ya'yanta ma su ci daga tukunyar. Aya ta 102 a Suratul Baƙara ta ambaci sihirin raba miji da mata, hadisin Buhari da Muslim kuma ya sa sihiri cikin zunubai bakwai masu halakarwa. Amma kafin maza su gyara zama su ce an zo kan mata, ina tambaya: mene ne ya kai ta? Sau da yawa maigidan ne ya karkata ga ɗaki guda, cefanen wannan da kaza, na waccan da busasshiyar kuɓewa. Kuma wa ya fi zuwa wurin mai duba neman kujera da kwangila, mata ko masu manyan riguna? Sa'an nan akwai zaluncin da yake biyo bayan wannan tsoro. Mutum ya yi zazzaɓi ko ciwon ciki, maimakon ya nufi asibiti sai uwarsa ko 'yar'uwarsa ta ce amarya ce ta yi masa barbaɗe. A kan zato aure ya mutu, a bar yarinya da tabon da ba ya goguwa, alhali kuwa typhoid ɗin da ke cikinsa yana nan yana cinsa. Suratul Hujurati ta hana mu yawan zato, ba ta kuma ware kishiya ko suruka ba.

To, idan ba na iskoki ba, rabon wa za a fitar? Ayoyi biyar kacal bayan waccan aya ta Suratul An'ami, watau aya ta 141, Allah Ya yi umurni a ci daga amfanin gona idan ya nuna, a kuma ba da haƙƙinsa ranar girbinsa. Wannan magana ta shafi masu karatun wannan fili fiye da yadda suke zato, domin yau da wuya ka sami babban ma'aikaci ko attajirin Kurmi ko Kantin Kwari wanda ba shi da gona a Bichi ko Gezawa ko Dawakin Kudu. Manomin ƙauye ya saba, idan ya ɗaure dami goma ya ware ɗaya. Mai gonar da yake zaune a birni, wanda sai dai a kawo masa buhuna a mota, shi ne ya fi mantawa.

Ga hukuncin a taƙaice bisa mazhabar Malikiyya, kamar yadda yake a Risala da Muhtasar. Nisabi wusuƙi 5 ne, kowane wusuƙi sa'i 60, jimla sa'i 300, watau mudun Annabi 1,200, bayan an sussuke an sheƙe. Wasu malaman zamani sun kimanta shi da kilo 653 na alkama, wajen buhu shida da rabi ke nan na mai kilo 100, amma a tuna asalin abin awo ne ba nauyi ba. Ba a jiran shekara ta zagayo. Abin da ruwan sama ya shayar ana fitar da ɗaya bisa goma, abin da aka shayar da inji ko jigo kuwa ɗaya bisa ashirin. Masu noman rani a Kadawa da Kura su lura da wannan: Muhtasar ya bayyana cewa ruwan da yake gangarowa da kansa zuwa gona ushiri cikakke ne a kansa, ko da an biya kuɗin ruwan, saboda haka wanda ruwan Tiga yake shigar masa ta magudana hukuncinsa dabam da na mai tayar da injin famfo. Gero da dawa da shinkafa kowanne jinsi ne mai zaman kansa, ba a haɗa su domin cika nisabi, amma dangin wake ana haɗa su. Bashi ba ya kayar da zakkar hatsi, ba a kuma cire kuɗin taki da na 'yan ƙwadago kafin a fitar. Wanda ya yi aron gona ko ya yi haya, zakka tana kansa, tun da amfanin nasa ne. Kayan lambu irin su tumatir da albasa babu zakka a jikinsu, sai a kuɗinsu idan ya cika nisabi ya shekara.

Wanda ya fi son ya ba da ta hannun hukuma, Jihar Kano ta kafa Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003. Wanda zai raba da kansa kuwa, ya fara da matalautan garin da gonar take, domin malamanmu sun ce a inda zakka ta wajaba a nan ake raba ta, sai fa idan akwai waɗanda suka fi bukata a wani wuri. Bai dace ba a kwashe hatsin ƙauye kaf a kawo birni, matar da ta yini tana sheƙa a masussuka ta koma gida da ƙaiƙayi a ido, sa'an nan a raba wa 'yan fada da masu gadin ofis a ce an fitar da zakka.

Masu sayen hatsi da kaka su ajiye sai bazara ta yi tsada, su kuma hukuncinsu na zakkar ciniki ne, wanda Malikiyya suka raba gida biyu, na mai juya kaya kullum da na mai ajiya yana jiran kasuwa. A kansa za mu tsaya mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.